Asabar: ni da gansakukar tankin kifi

Tun da bazara ta kama, rana ke shigowa ta tagar gabas ta sauka kan tankin gilashin da nake kiwon kifin ado a ciki. Yau da hantsi na tarar gansakuka ta rufe gefe guda, kore shar, wata mai zare-zare kuma ta nannaɗe ganyen shuke-shuken har kifayen na ratsawa da ƙyar. Inna ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, kududdufi ka kawo mana cikin ɗaki?"

Na kankare gilashin da reza, zaren kuma na riƙa murɗe shi a jikin tsohon buroshin haƙori. Sai na zura tiyo can ƙasa inda kashin kifi da ragowar abinci ke taruwa, na zuƙe kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan, na kai wa zogalen Inna. Na cike gurbin da ruwan bohol da ya kwana a inuwa. Na rijiyar fadama ba na yarda da shi, don takin zamanin da ake zuba wa shinkafa a nan yankin Auyo yana iya tsatsafowa cikinsa, kuma sinadaran naitiret da fosfet su ne abincin gansakuka.

Masu cewa a sayo magani a ɗiga ban bi tasu ba. Muddin haske ya yi yawa, abinci na ruɓewa a ƙasa, za ta dawo. Na rataya zani a taga, fitilar sola kuma daga yau awa 6 zuwa 8 kawai. Kifi kuwa, abin da za su cinye cikin minti 2 ya ishe su.

Bayan la'asar ƙanena ya dawo daga bakin ruwa da bokiti. "Yaya, ga kainuwa, ga kuma katantanwa, an ce suna cin gansakuka." Gaskiya ne katantanwa suna ci, amma na sa ya zubar da su nesa. Irin ƙananan katantanwar kududdufin nan ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, ni kuwa kullum hannuna na cikin tankin. Shi ma na ja masa kunne kan shiga ruwan.

Kainuwar ce ta faranta mini. Ganyenta na sama yana shan iska kai tsaye, shi ya sa take saurin girma, jijiyoyinta na lilo a ruwa suna zuƙe abincin da gansakuka ke nema, ga inuwa. Na wanke ta tas, na duba jijiya ɗaya-ɗaya saboda matsattsaku da ƙwan katantanwa, na bar ta a wani bokiti tukuna. In ta shiga tanki sai an dinga rage ta, kada ta toshe wa na ƙasa haske.

Idan mako ya zagayo koren bai ja baya ba, zan rufe tankin ruf da kwali na kwana 3, injin iska na aiki saboda zafi.