Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ɗakin da Babu Sunana a Takardarsa

A makon jiya mun tsaya a inda na sami aikin farko amma ba ni da wurin kwana. Wani abokina da muka yi makaranta tare ya ce in dawo ɗakinsa mu riƙa raba kuɗin haya biyu. Na ɗauko jakata da 'yar katifata na tare. Ban tambaye shi yadda suka yi da mai gida ba, shi ma bai tayar da zancen ba.

Ɗakuna 9 ne a gidan, suna kallon juna, da banɗaki biyu, famfo ɗaya, mita ɗaya. Wata rana na ƙirga mu, mu 26 ne har da yara. Akwai ɗalibai uku a ɗaki ɗaya, da wata ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da direban mota da sai ya yi sati ba a gan shi ba. Akwai ma'auratan da suka shigo da niyyar yin wata shida kafin su gama gininsu, na same su a shekara ta huɗu da 'ya'ya biyu. Akwai kuma wata baiwar Allah da aurenta ya mutu, ita da ɗanta.

Kafin nan ina ɗaukar gidan haya a matsayin zangon matasa, ka ɗan yada zango ka wuce. Dattijon da ke ɗakin ƙarshe ne ya rusa mini wannan tunani. Ya yi ritaya, ya taɓa mallakar gidansa, rashin lafiyar matarsa ta sa ya sayar. Kowa Baba yake ce masa. Shi ke riƙe da littafin kuɗin wuta, kuma duk ƙarshen wata sai an yi cacar baki: a raba bisa ɗaki ne, ko bisa yawan mutane, ko bisa kayan wutar da kowa ke da su? Ma'aikaciyar jinyar ta ce ita ba ta kwana a gida, ɗaliban kuma su rantse ba su da dutsen guga, alhali kullum rigunansu a goge suke.

Wani dare muna zaune a tsakar gida ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai a wane matsayi kake zaune a gidan nan?"

Na ce, "Ɗan haya mana, Baba."

Ya girgiza kai. Ya ce zama iri-iri ne. Akwai mai gidan kansa, ko ya gina, ko ya saya, ko ya gada. Akwai wanda ya saya da bashin banki, gidan nasa ne amma takardun suna jingine har ya gama biya. Akwai wanda wurin aiki ya ba shi gida, ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare. Akwai ɗan haya mai yarjejeniya da rasit. "Sai kuma irinka," in ji shi, "wanda ya raɓu da ɗan haya. Kana biya, amma abokinka kake biya."

Dariya na yi. Ina ganin ai ni da abokina babu haka tsakaninmu. Gaskiya ne kuwa, bai taɓa cutata ba, aikinsa ne kawai aka mayar wani gari bayan wata 14, ya sanar da wakilin mai gida zai tashi a ƙarshen shekararsa.

Ranar da wakilin ya zo karɓar makulli na ce masa ni zan ci gaba da zama. Mutumin nan da muke gaisawa duk wata ya buɗe fayil ya ce, "Malam, ni ban san ka ba." Ya nuna mini yarjejeniyar: suna ɗaya, sa hannu ɗaya, da wani layi da ya hana ɗan haya saka wani a ɗakin ba tare da izinin mai gida ba. Duk rasit da sunan abokina. Kuɗin ajiyar da aka bayar saboda ɓarna, wanda na biya shi rabinsa lokacin da na shigo, shi za a mayar wa. Notis kuwa haƙƙin ɗan haya ne, kuma ɗan hayar da kansa ya ce zai tashi.

Ya ce in ina so in zauna sai dai a sake sabon lale: kuɗin shekara gaba ɗaya a sabon farashi, da ajiya, da ladansa na dillanci. Na yi lissafi a bayan wata ambulan. Masu nazarin gidaje sukan ce haya ta fara zama nauyi idan ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu, tawa kuwa ta haura rabin albashina. Ya ba ni kwana bakwai, ya ce wannan ma alfarma ce.

A dare na biyar ina ɗaure katifata da igiya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne, riƙe da littafin kuɗin wuta, ya buɗe shi a shafin da sunana ya fara bayyana da rubutun hannunsa, wata 14 a jere.

Ya ce, "Kwance igiyar nan tukuna. Gobe da safe ni da kai za mu je wurin mai gidan da kansa."

Mu haɗu a mako mai zuwa.