Abin da tabarmar ɗakin awo ta koya mini game da rarrafe

A shekarata ta farko a sashen awon yara na wata cibiyar lafiya a garin Tawa da ke Nijar, da zarar an sauke yaro daga sikeli sai in tambayi uwarsa ko ya fara rarrafe, kuma idan ta ce a'a, fuskata kan canza tun kafin in buɗe baki. Wata rana wata mata ta zo daga ƙauye da ɗanta mai wata 10 wanda jan gindi kawai yake yi, na gaya mata cewa yaron ya yi jinkiri, ta fita hankalinta a tashe. Babbar ma'aikaciyar da nake aiki ƙarƙashinta ta ja ni gefe ta ce, "Ɗiyata, kin ajiye shi ƙasa kin ga motsinsa da idonki?" Ban ajiye shi ba.

Wannan tambayar ce ta mayar da ni ga karatu. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda ya bi girman yara a ƙasashe biyar har da Gana, ya nuna cewa yara masu lafiya kan fara rarrafe tsakanin wata 5 da wata 13 da rabi, kuma kimanin 4 cikin 100 ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam, amma sun taka da ƙafafunsu. Ashe tsoron da na sa wa matar nan ba shi da tushe.

Duk da haka ban raina rarrafe ba, domin Hausawa ba su yi kuskure ba da suka ce da rarrafe yaro kan tashi. Yaron da ke rarrafe yana ɗora nauyinsa a kan tafin hannu, kafaɗunsa da bayansa suna ƙarfi, yana jefa hannun dama tare da gwiwar hagu, kuma a lokacin ne yake koyon auna nisa da gane bakin dakali. Abin da na lura da shi a wurinmu shi ne yawancin yaran da ke jinkiri damar taɓa ƙasa suka rasa. Uwa ta goya yaro tun hantsi, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta je kasuwa, ba ta sauke shi sai lokacin shan nono. Ba na ganin laifinta ko kaɗan, domin tsakar gidan akwai murhu da kashin kaji, kuma da bazara ƙasar Tawa tana iya ƙona gwiwar babba ma. Sai kuma tamowa, wadda ke hana yaro ƙarfin ɗaga ƙirjinsa ko da an ajiye shi.

Shawarar hukumar ta 2019 ita ce jaririn da bai fara motsawa ba ya samu aƙalla minti 30 a rana yana kife a kan cikinsa, a rarraba lokacin, idonsa biyu kuma ana kallonsa, sannan kada a bar shi a goye fiye da awa ɗaya a jere. Barci kuwa a rigingine ake kwantar da shi. Abin da ke sa ni tura yaro ga likita yanzu shi ne in ga yana jan gefe ɗaya na jikinsa, ko jikin ya sandare ko ya saki, ko ya kai wata 9 bai zauna ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya.

Tun daga lokacin muke shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin awo kowace safiya. Nakan ajiye murfin kwano mai launi nesa kaɗan da hannun yaro, in roƙi uwarsa ta zauna a ɗaya gefen ta kira sunansa, sa'an nan mu tattauna inda za ta share ta shimfiɗa tata tabarmar a gida, nesa da murhu, da wanda zai zauna kusa da yaron yayin da take girki.