Na je Legas na ga tagulla tana kunna haske

Motar dare muka shiga daga Kano, muka bi ta Kaduna da Jebba da Ilorin, kafin mu iso Berger ƙafafuna duk sun kumbura. A Agege na sauka wajen yayana mai sana'ar gwangwan, kullum yana gaban sikeli ana auna masa wayar tagulla kilo-kilo. Amma gsky ba don shi na zo ba, ɗiyar ƙanwata ce ke karatun digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, ta dame ni da Kawu sai ka zo ka ga aikina.

Washegari na hau danfo zuwa Oshodi, na canja wata zuwa Yaba, go-slow ɗin ba a magana.

A lab ɗin ta ɗauko wata 'yar kwalba, ruwan ciki fari tas, ta ce rhodamine B hydrazide ne, sinadarin da ke yin ƙyalli in ya haɗu da tagulla, tun 1997 aka san shi da wannan aikin. Ta ɗiga ruwan tagulla ɗigo ɗaya, a hankali ya koma ruwan hoda, ta kashe fitila ta haska masa UV, wato hasken da ido ba ya gani, sai ga shi yana ƙyalli ruwan lemo, wlh sai da na ce ta sake.

Wai jikin babban mutum tagullar da ke ciki ba ta wuce kamar miligiram 100 ba, yawanci a ɗaure take jikin furotin irin su SOD1, ita wadda ke yawo a sake ce ake nema da irin wannan sinadarin. Cikin ƙwayar halitta wani sinadari mai kare ƙwayar, glutathione, shi ke riƙe ta a matsayin Cu+, wato tagulla mai caji ɗaya, to idan sinadarai masu ƙona ƙwaya irin hydrogen peroxide suka yi yawa sai glutathione ya ragu, Cu2+, wato mai caji biyu, ta ƙaru, kuma tagullar da ke a sake in ta haɗu da peroxide ɓarna ce a kan DNA da kitsen jikin ƙwayar. Matsalar, Cu2+ halinta kashe ƙyalli ne, shi ya sa samun sinadarin da za ta kunna wa ƙyalli, irin wanda ta nuna min, ke da wuya. Na Cu+ kuwa ɗakin binciken Christopher Chang a Berkeley ta Amurka ya fitar da sinadarin gano ta mai suna CS1 a 2006.

Na ce to nan za ki gwada a ƙwaya mai rai? Ta ce Kawu sai na samu layi a madubin confocal, na'urar duba cikin ƙwayar halitta, kuma sinadaran da dala ake sayo su. Ana haka wuta ta ɗauke, muka fita neman amala kafin a tada janareta.