Kafin ka ɗana wuta, san ƙarfen da ke gabanka

Ƙannena masu koyon walda, musamman ku da kuka fara gajiya da ƙofa da taga kuna hangen aikin injina a unguwannin masana'antu na Kano, Sharaɗa, Bompai da Challawa, ku matso in ba ku labarin asarar da na jawo wa wani bawan Allah da hannuna.

Lokacin ban daɗe da barin gaban maigidana ba. Hannuna ya faɗa da sandar walda mai lamba 6013, wadda ake aikin ƙofa da taga da ita, ana yabon kyan aikina, sai na ɗauka duk abin da ake kira ƙarfe halinsa ɗaya. Wata rana aka kira ni wani ƙaramin kamfanin matsar man gyaɗa. Gidan boris na injin ne ya tsage, tsagar ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ga buhunan gyaɗa jibge, ga leburori zaune jugum, mai wurin sai safa da marwa yake. Ya ce, "Malam, za ta yiwu yau?" Na ce, "Alhaji, kafin la'asar za ka ji kukan injinka."

Na ga ƙarfen kas ne, wato ƙarfen zubi, wanda ake narkarwa a zuba shi ya daskare da siffar da ake so. Na kuma san akwai sandarsa ta musamman mai nikel, amma tana da tsada, sai an je kasuwa an nemo, ni kuwa ina tsoron in ce a jira a kira wani. Sai na zaro 6013 ɗin da ke jakata. Ban gasa ƙarfen ba, na ja walda doguwa tun daga farkon tsagar har ƙarshenta. Da Alhaji ya matsa, na sa yaro ya kwara ruwa don a samu a ɗaura da wuri. Ban gama naɗe waya ba na ji "ƙas!" Sabuwar tsaga ta bi gefen waldar ta zarce har ramin noti. Abin da za a iya cetowa ya koma na 'yan gwangwan. Injin ya fi mako a tsaye ana neman madadi a kasuwar Ƙofar Ruwa, leburorin nan masu cin na yau da na yau suka koma gida hannu rabbana. Su ne har yanzu suke tsaya mini a rai.

Da na koma wurin maigidana, bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko guntun ƙarfe biyu ya kunna giranda. Na farko ya watsa tartsatsi dogo mai haske, ruwan ɗorawa. Na biyu ya ba da gajere, ja-ja, yana mutuwa kusa da dutsen. Ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne kas. Ba ya son gaggawa."

Dalilin shi ne kas yana ɗauke da sinadarin kabon kashi 2 zuwa 4 cikin 100, ƙarfen ƙofa kuwa bai kai ko rabin kashi 1 ba. Idan kas ya yi zafi ya huce farat ɗaya, gefen waldar yakan ƙandare kamar gilashi. Ita kuma waldar tana tsukewa yayin da take hucewa, tana jan gefen, shi kuwa ba ya miƙewa, sai dai ya fashe. Don haka ga yadda ake bi da shi. Ka huda ɗan rami a kowane bakin tsagar don kada ta ci gaba. Ka fafe ta da giranda ta yi kwari. Ka ƙone man da ya shiga jikinsa, don kas yana shan mai, injin gyaɗa kuwa ba a magana. Ka gasa shi gaba ɗaya da gawayi ko wutar gas. Sannan ka ɗora waldar kaɗan-kaɗan, kamar inci ɗaya, ka tsaya ka bubbuga da ƙaramar guduma tun da zafinsa, ka koma wani gefen. Idan ka gama, ka binne shi cikin busasshen yashi ko toka ya kwana. Da hunturu ma ka ƙara kula, iskar kaɗai ta isa ta yi maka ɓarnar da ruwa ya yi mini.

Duk wannan yini guda ne cur, har da kwana. Ka faɗa wa mai injin haka tun farko, da kuɗin sandar, ko da zai ɓata rai. In ya ce ba zai jira ba, ka ba shi haƙuri ka ɗauki jakarka.

Akwai wasu biyu da na koya da tsada su ma. Wayar da ake maƙalawa a jikin ƙarfe don wuta ta zagaya, ka maƙala ta dab da inda kake aiki. Na taɓa maƙala ta a ƙafar inji ina cike shaf, wutar ta ratsa ta cikin boris ta cicciye shi, bayan kwana kaɗan ya fara gurnani. Sandar walda mai lamba 7018 kuma, wadda ake aiki mai nauyi da ita, ba ta shiri da danshi. In ta kwana a buɗe da damina, waldar za ta yi kyau a ido, ciki kuwa ramuka ne.

Sai ido. Na sha kawar da gilashi ina cewa ɗan ɗigo ne kawai zan yi. Hasken walda ba ya nuna maka komai nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12, tsakar dare, ka farka kamar an zuba maka yashi, hawaye na zuba, ba ka iya kallon fitila. Na ɗiga madara, na ɗora dankali, duk abin da aka ce na yi. Daga baya likitan ido ya gaya mini fatar saman idon ce hasken yake ƙonawa, kuma abin da nake ɗigawa na iya sa masa ƙwayar cuta. Ka sayi gilashi na gaske, ba tabarau na gayu ba, ka saya wa yaron da ke riƙe maka ƙarfe nasa.

Yanzu duk yaron da aka kawo mini, makonsa na farko ba ya taɓa sandar walda. Ina zube masa guntayen ƙarfe a gaban giranda, da gilashi a fuskarsa, yana ɗora su ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini sunan kowanne.