Yini guda a gidan tarihin ƙasar Filifin

Gidan tarihin ƙasar Filifin da ke Manila gine-gine uku ne a gefen dandalin Rizal: na zane-zane, na al'adun mutane, sai na halittu da aka buɗe a 2018. Shiga kyauta ne, amma babbar jaka sai an ajiye ta a ƙofa. Na fara da na halittu saboda wani ƙaton kada mai suna Lolong, wanda aka kama a garin Bunawan a 2011, tsawonsa mita 6.17. Ƙasusuwansa na rataye a sama, 'yan makaranta sun cika wurin ana ta ɗaukar hoto. A ginin zane kuwa, babban zanen Spoliarium na Juan Luna, wanda ya ci lambar zinariya a Madrid a 1884, ya cinye bango guda.

Amma inda ƙafata ta kafe shi ne ginin al'adu, gaban wani ɗan farantin tagulla da bai fi shafin littafi girma ba. An tsince shi a Laguna a 1989, rubutun da ke kansa na shekarar 900 ne. Shaida ce ta yafe bashin zinariya ga wani mai suna Namwaran da zuri'arsa, har da sunan Tondo a ciki, wadda a yau unguwa ce a Manila. Wato shekaru sama da 600 kafin Magellan, Baturen da ya jagoranci jiragen ruwan Sifaniya, ya iso a 1521, mutanen nan suna da rubutu da hukuma da hanyar warware bashi. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don mu ma an sha ce mana tarihinmu ya fara ne da zuwan Turawa. Mutane kaɗan ne suke tsayawa a gabansa, kuma hakan ya dame ni.

A ɓangaren Musulmin tsibirin Mindanao na ga sassaƙar ado ta okir ta ƙabilar Maranao da kayan kiɗan kulintang, da rubuce-rubuce cikin haruffan Larabci irin yadda muke ajami.

Wanda zai je, shawarata ya fara da ginin al'adu da safe, ido bai gaji ba, ya nemi tulun Manunggul na Palawan mai mutum biyu cikin kwale-kwale a kan murfinsa. Kada da babban zanen kuwa, ko da yamma ba za su ɓace masa ba.