Alewar ɗinya

Asabar, bayan sallar Isha'i.

Har yanzu hannuwana baƙi ƙirin suke. Sau uku na wanke da sabulu, ƙarƙashin farce ya ƙi fita. Kafaɗar dama tana zogi, ga wani ɗan bororo a bayan hannuna inda tafasa ta fallatso. Duk da haka ba zan kwanta ba sai na rubuta yadda yau ta kasance, tun ban fara mance awo da lokaci ba.

Tun ranar Laraba abin ya taso. Auta ta dawo daga Islamiyya da wata alewar leda, harshenta ya rine shuɗi. Na ce mata mu a zamaninmu baƙi harshe yake yi. Ta ce da me? Na ce da alewar ɗinya. Sai ta tsaya tana kallona. Ashe ɗinyar ma ba ta sani ba, yarinya 'yar shekara 9, haifaffiyar birnin Katsina. Na kwana da abin a raina.

Akwai wata tsohuwa da ke zama a gindin bedi, ƙofar makarantarmu ta firamare. Iya mai alewa muke ce mata, ban taɓa jin wani ya kira sunanta na yanka ba. Faifai ne a gabanta, an rufe da farin ƙyalle. Ka miƙa sisi, ta ɗaga ƙyallen, ta sa 'yar wuƙa ta ɓantaro maka, ta naɗe a takardar tsohon littafi. Ina aji huɗu aka ba mu jiha, aka cire Katsina daga Kaduna, watan Satumba na 1987. Gari ya ɗauka da murna, Babanmu ya raba mana sule-sule, ni kuwa kashegari na kai nawa gaba ɗaya wurin Iya. Sai da ta tambaye ni sau biyu ko da sanin gida na zo da kuɗin.

Shekaru ke nan ina cigiyar alewar nan. Tuwon madara, gullisuwa, iloka, kantu, duk ana samu, wasu ma a cikin robobi masu kyau. Ta ɗinya kuwa, duk wanda na tambaya sai ya ce, "Kai, rabona da ita tun ina yaro." Jiya na buga wa Gwaggo waya. Ta ce, "Mi za ki yi da alewar ɗunya yanzu, ke ɗiyar nan?" Na ce kwaɗayi ne, Gwaggo, kuma ina so jikokinki su ɗanɗana. Ta ce ita ba ta taɓa yin ta sayarwa ba, amma ta sha zama ana yi a gabanta. In na samu ɗunyar in zo in ɗauke ta.

Ƙarfe takwas ina kasuwar 'Yar Kutungu. Na zaga, na sake zagawa, har na fara cire rai, sai wani mai kayan miya ya nuna mini wata mata can gefe, ta shigo daga ƙauye da ƙwarya guda. Ɗinya ce nunanniya, baƙa sidiƙ, tana ƙyalli. Na saye tiya biyu, kusan duk abin da ta zo da shi, ban ko taya ba. Tana aunawa tana ba ni labari: itatuwan da ke kusa da gari masu gawayi da masu itace sun cinye su, waɗanda ke cikin daji kuma wa zai tura yara tsinto a wannan hali na rashin tsaro? Na ce Allah Ya kawo mana sauƙi. Na biya na sayi mazarƙwaila guda biyu kamar yadda Gwaggo ta ce, sannan na tari napep zuwa Rafindadi.

Na tarar ta shirya tun ɗazu, da mayafinta da carbinta da 'yar jakar goro. Muna isa gida ta ga na nufi kicin, ta ce in fito. "Wannan ba aikin gas ba ne. Tukunyar gas ɗinki za ta ƙare ba ki kai ko'ina ba." Aka jera duwatsun murhu a tsakar gida, na aiki babban ɗana ya sayo itace, na shimfiɗa mata tabarma a inuwa.

Farko tsinta. Kowace ɗinya akwai 'yar hula a gindinta, sai an cire, a ware ruɓaɓɓu da waɗanda ba su gama nuna ba, don Gwaggo ta ce ɗanya ɗaya tana iya sa wa tukunya ɓauri. Ni da Auta muka zauna a kai. Ta ɗauki ɗaya ta tsotsa, ta yamutsa fuska, ta tofar da ƙwallon, can kuma na ga ta sake ɗaukar wata. Muka wanke, muka jiƙa a ruwan ɗumi kamar awa guda. Daga nan sai murtsuka, da hannu, a babban kwano, har tsokar ta saki ƙwallon. Ɗinya kusan duk ƙwallo ce, tsokar 'yar kaɗan ce ta lulluɓe shi, shi ya sa tiya biyu da ka ga kamar abin kirki, in ka gama murtsukewa sai ka ga tulin ƙwallaye gefe guda, ga ɗan baƙin ruwa mai kauri a kwano. Na tace da rariya, na ƙara wa dusar ruwa na sake matsewa, sannan na bi da abin tatar koko. Gwaggo ta sa yatsa ta murza, ta ce akwai sauran tsaki, a sake. Na sake.

Sha biyu ta ɗan gota muka ɗora. Abin da ya biyo baya ba shi da wani labari sai zama da jira. A iza wuta, a kwashe kumfa da ludayi, a juya da muciya. Na yi Azahar na dawo, ruwan bai ko kai rabi ba. Ƙamshin ne dai ya fara canzawa, daga na ɗanyen ɗan itace ya koma wani mai nauyi, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya me ake dafawa.

Wajen ƙarfe biyu da rabi Gwaggo ta ce in ɗebo kaɗan a kofi. Ya yi kauri, yana bin ludayi a hankali. Ta ce, "To wannan shi ne maɗi. Da shi muke sa wa kunu zaƙi muna yara, kafin sukari ya zama na kowa." Na sha jin kalmar a bakin mutane, ana cewa abu ya yi zaƙi kamar maɗi, amma sai yau na gan shi da idona. Ta kurɓa, ta yi shiru na ɗan lokaci. Ban katse ta ba.

A nan muka ɗan ja a kan mazarƙwaila. Ni so nake in yi ta zalla, don a tunanina ta Iya ba ta da haɗi. Gwaggo ta ce wasu na sawa, wasu ba su sawa, amma ni da nake koyo in ban sa ba zan iya wuni ina dafawa ta ƙi kamawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Na farfasa guda ɗaya da rabi na zuba.

Sai kuma na yi kuskure. Na ga rana tana tafiya, na ƙara itace biyu lokaci guda. Ban ji komai ba, Gwaggo ce daga tabarma ta ɗaga kai ta ce, "Sauke! Ta kama." Na rarumi tsumma na sauke. Ta ce kada in kuskura in kankari gindin, in juye na sama a wata tukunyar. Wurin juyewar ne ya fallatso mini a hannu. Zafin narkakken zaƙi daban yake da na ruwa, mannewa yake yi ya ci gaba da ci. Na tsoma hannun a ruwan randa, idona ya kawo ƙwalla. Mun yi asarar abin da ya kai ludayi biyu, sauran ya tsira. Na janye itacen, muka ci gaba da garwashi kawai.

Bayan La'asar ta sa na kawo ruwan sanyi a kwano, na ɗiga kaɗan. Na farko ya baje. Na biyu ya taru amma da laushi. A na huɗu ne ya dunƙule, na ɗauko shi da yatsa, na ciza ya yi ƙaras. Na juye a tire da na shafe da man gyaɗa, muka jira ya huce daidai yadda hannu zai iya ɗauka.

Ja shi ne aikin. Mun wanke wata babbar ƙusa da ke jikin ginshiƙin rumfa, muka shafa mata mai. A rataya curin, a jawo, a ninka, a sake ratayawa, da sauri, don in ya huce ya gama. Tafin hannu yana raɗaɗi, ba halin tsayawa. A hankali baƙin ya fara washewa yana komawa ruwan ƙasa, da wasu siraran layuka a jiki. Da na ga layukan nan gabana ya faɗi, don haka ta Iya take, na mance da su sai da na gan su. Ƙarfina ya ƙare kafin ta gama, ɗana ya karɓa ya ƙarasa, Gwaggo tana ce masa, "Ja da kyau, kai ɗan nan, ba igiyar shanya ba ce." Muka mirgina ta dogo a tire, na yayyanka.

Guda 23. Abin da tiya biyu da ƙunshin itace da wuni guda suka bayar ke nan, bai cika ƙaramin faranti ba.

Na sa ɗaya a baki. Zaƙi ne ke fara zuwa, sannan wani ɗan ɓauri-ɓauri can ƙarshen harshe, sai ƙamshin ɗinyar ya taso ta hanci. Ta fi ta Iya tauri kaɗan, kuma ina jin na cika mazarƙwaila. Amma ita ce. Ina tsotsa ina kallon bororon hannuna, sai na tuna hannun Iya lokacin da take ɗaga ƙyalle: tabo ne fari-fari tun daga yatsu har gwiwar hannu. Muna yara mun ɗauka wata cuta ce, wasu ma ba sa so ta taɓa musu alewa sai da takarda.

Na faɗa wa Gwaggo. Ta ce ai ta san ta sarai. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, da alewar nan ta riƙe su. Da dare take dafawa, bayan Asuba ta ja, hantsi ya yi mata a ƙofar makaranta. Ta daɗe da rasuwa, kuma cikin 'ya'yanta ba wadda ta ɗauki sana'ar. Gwaggo ta ce, "Wa za ya yi wannan wahala don sisi?" Ni kuwa kullum in na saya sai na ce, "Iya, gyara." Ba ta taɓa hana ni ba. Takan ɓantaro ɗan ƙari ta ɗora, ta ce in gaida Innata. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya yafe mana.

Auta ta ce ba ta kai ta kanti zaƙi ba, amma ta ruga madubi ta dawo tana nuna wa kowa harshenta. Ɗana ya ci huɗu, ya ce ladan ja ne. Baban yara ya dawo bayan Magariba, na miƙa masa ba tare da na ce komai ba. Ya tsotsa, ya dube ni, ya ce, "A ina kika samo wannan?"

Na ƙulle wa Gwaggo biyar, ɗana ya raka ta gida. Biyar na ware wa Yaya, gobe zan ba direba a tasha ya kai masa Kaduna, don tare muke zuwa wurin Iya, shi ne ma yake riƙe mana kuɗin tara. Don gaba: mazarƙwaila ɗaya ta isa, daga maɗi zuwa sama garwashi kawai, a sauke a ɗigo na uku.

Da za ta tafi Gwaggo ta ce ɗaya daga cikin 'ya'yan Iya tana nan da rai, tana aure wajen Sararin Kuka, kuma ta san gidan. Mun yi da ita Litinin bayan La'asar. Na naɗe guda uku a takarda na ɓoye a saman kabad, inda hannun Auta ba ya kaiwa.