Bawul ɗin riƙe kaya: yadda na yi lissafi da famfo na manta da silinda

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, wani Alhaji ya kawo motar kuren, irin mai hannun ɗaga kaya, garejinmu da ke hanyar Kwannawa. Tiyon haidirolik ya fashe ana cikin sauke janareto, hannun kuren ɗin ya rikito da kaya gaba ɗaya. Allah ya kiyaye, babu kowa a ƙasa. Da na leƙa gindin silinda sai na ga wani ya taɓa cire bawul ɗin riƙe kaya, wanda ke hana mai fita daga silinda ko da tiyo ya fashe, ya haɗa tiyo kai tsaye. Gabana ya faɗi. Rayukan 'yan dako ke nan aka rataya a jikin roba.

Bawul iri biyu ake sakawa a wurin. Cekbawul mai failot (failot shi ne siririn layin mai da matsinsa ke buɗe bawul) ƙofa ce kawai, ko a rufe ko a buɗe, ya dace da ƙafafun da ke tokare mota a ƙasa. Hannun da ke sauko da nauyi kuwa sai kantabalans, wanda ke sakin mai a hankali, kamar mai sassauta igiyar guga cikin rijiya. Wannan na sani. Inda na yi kuskure shi ne girma.

Famfon motar yana ba da lita 120 a minti, sai na aika Kano aka kawo min kantabalans mai ɗaukar lita 120. Na ɗaura, muka gwada. Hannun yana saukowa kamar ba ya so, injin yana gurnani, kafin la'asar tankin mai ya yi zafin da ba ka iya ɗora tafin hannu a kai. Ga kuma karkarwa: ya sauko, ya cije, ya sauko, har ƙugiya tana lilo.

Maigidana yana zaune kan benci yana kallo. Ya ce, "Mi af faru, yaro? Ka auna sandar?"

Na ce, "Baba, famfo na duba."

Ya miƙo min ma'auni bai ƙara magana ba. Faɗin cikin silinda milimita 140, kaurin sandar da ke fitowa daga cikinta 100. Wato fuskar fistin ta ƙasa ta ninka ta wajen sanda sau biyu. Idan ka tura lita 120 ta sama don hannu ya sauko, abin da ke fitowa ta ƙasa ya kai lita 245, kuma duk ta cikin bawul ɗina zai bi. Na tura garke ta ƙofar zaure. Man da aka matse haka zafi yake komawa, a garin da man kan tsinke tun da hantsi.

Karkarwar kuma daga failot take. Wanda na saya 10 bisa 1 ne, matsi kaɗan ke wangale shi, kaya su rigayi famfo gudu, matsin ya faɗi, bawul ya rufe, a sake daga farko. Na nemo mai 3 bisa 1, mai ɗaukar lita 240 zuwa sama kaɗan. Ban zarce haka ba, don wanda ya yi girma da yawa shi ma ba ya zama lafiya. Mai 3 bisa 1 ya fi cin ƙarfin injin, amma na yarda da wannan cinikin.

Geji ya nuna matsin bar 180 da kaya mafi nauyi, na ninka da 1.3 na saita bawul ɗin wajen 235. Na ɗaure shi a jikin silinda da bututun ƙarfe, ba tiyo ko taƙi ɗaya a tsakani.

Da safe muka ɗaga janareton kamu biyu daga ƙasa, na kashe injin, na ja layi da alli a jikin sanda. Muka tafi sallar azahar muka dawo, allin yana inda na bar shi. Alhaji ya zagaya motar, ya ce, "Malam, a duba min ɗayar ma, tana gida."